Taken Baushe a Kaset

Ɗiyata ta ƙarshe, wadda ke karatu a Damagaram, ta zo hutu. Tana zaune kusa da ni tana latsa waya sai ta ce, "Baba, ga irinku." Ta karanto mini tarihin wasu samari masu kiɗan gita a wata ƙasar Turai, wai Latbiya, wadda ban taɓa jin sunanta ba sai ranar. Su ma ba su da ubangida, su ke kiɗansu, su ke ɗaukar abinsu. An jera komi daki-daki: yadda suka haɗu, wanda ya shigo, wanda ya fita, har da ƙananan ƙungiyoyin da kowannensu ya riƙa buɗewa a gefe in ya gaji da ƴan'uwansa. Da ta gama ta tambaye ni me ya sa mu ba a rubuta namu ba. Na ce ta tashi ta taya uwarta aiki. Ba haushinta na ji ba, jerin nan ne ya ba ni haushi, don an rubuta kiɗan gefe a layi ɗaya, sai ka ce mutum ya fita shan iska ya dawo. Ni na san abin da kiɗan gefe ke ci. Nawa ya ci amanar abokina, ya kuma ci wani abu na wani tsoho wanda har yau ba ni da hanyar mayar masa.

Mu huɗu ne, a Magarya, a zamanin da radiyo ke da daraja a gida. Ni ina gyaran radiyo a bakin kasuwa, ni ne mai gita. Lawali tela ne, shi ne mai waƙa, Allah ya ba shi murya da son a kalle shi. Akwai wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da muke ce wa Mushe kawai, shi ke riƙe da gita mai kaurin murya, shi ke raba mu in gardama ta kaure. Na huɗu Illa, ɗan gidan makaɗa daga wani ƙauye gabas da Guci, wanda ya zo gari koyon aikin katako da gangarsa a rataye. Bayan shagona akwai rumfar kara, nan muke haɗuwa bayan la'asar. Mutane suka sa mana suna Ƴan Rumfa don su yi mana dariya, mu kuma muka riƙe sunan. Ampili ɗaya gare mu, na'urar ƙara sauti, da batirin mota guda da ake kaiwa sharji a amalanke. In tsirkiya ta tsinke, wayar birkin keke muke warwarewa mu ɗaura. Kawuna yakan tsaya a bakin rumfa ya ce, "To ku wa kuke yi wa? Makaɗin sarki na san shi, na mahauta na san shi, na manoma na san shi. Ku ba ubangida, ba gado." Mukan ce kanmu muke yi wa. Sai ya girgiza kai ya wuce masallaci.

Har yau in na rufe ido ina jin la'asar ɗin nan. Ampili na huci kafin ya kama. Mata na daka a gidan baya, lugudensu na shigowa cikin kiɗanmu ba a gayyace shi ba, Illa ya bi shi da ganga har su gane su fashe da dariya. Awaki na leƙowa ta ƙarƙashin zana. Waƙa ɗaya takan ci mana wata guda, muna ginawa muna rushewa, Lawali na fushi ya tafi ya dawo, ni ina zagin batir. Yaran yanzu ina ganinsu a inda rumfar take, don wurin ya zama shagon sharjin waya. Mutum ɗaya ya zauna da abu a kunne, ya latsa ganga ta fito, ya latsa gita ta fito, kafin azahar ya gama waƙa uku ko gumi bai yi ba. Ba na cewa ba su iya ba, wasunsu sun fi mu kunne. Abin da ba su sani ba shi ne jiran hannun wani, ka tsaya da yatsa a kan tsirkiya kana sauraron lokacin da ɗan'uwanka zai sauke bugu. Gangar da ke cikin wayarsu ba ta kowa ba ce, ba wanda zai zo ya tambaye su inda suka samo ta.

Muna da wata al'ada a rumfa. Ina da manyeto biyu, na'urar ɗaukar murya, kuma duk abin da muka buga ina ɗauka a kaset, daga bisimilla har tashi, da tari da gardama da komi, don kada abu mai kyau ya faɗo ya ɓace. Doka ɗaya ke tare da wannan, Mushe ne ya kafa ta: abin da aka haifa a rumfa ba ya fita sai mu huɗu mun yarda. Ya kafa ta ne a shekarar da kowa ya fara kiɗan gefe. Lawali ya haɗa kai da wasu mata masu kiɗan ƙwarya, suna zuwa bukukuwa a Bande da Sassumbrum. Mushe yana koya wa ɗalibansa waƙoƙin taro. Illa kuwa duk kaka yakan koma gida ya tsaya bayan ubansa a filin kokowa. Ni ne ban sami abokin haɗawa ba, don halina ba kowa ke iya zama da shi ba, na sani. Sai na haɗa kai da na'urorina. In buga gita a manyeto ɗaya, in sake ta tana tafiya, in buga wata a kanta, na biyun na ɗauka, har ya zama kamar mutum uku ne ke kiɗa. Ina jin daɗin abin, amma ba wanda ya sani. Sunan Lawali kuwa ya kai bakin rijiya, ƴan mata na rera waƙarsa suna jan guga. Hassada na yi, ba wani suna da zan ba abin.

Wata la'asar bayan kaka Illa ya dawo daga gida, bai yi wasan da ya saba ba. Ya zauna ya jawo ganga, ya dube ni ya ce, "Kashe na'urar nan."

Na ce, "Tun yaushe ake kashe ta?"

Ya ce, "Yau dai kashe. Baba ya ba ni taken Baushe."

Mu ƴan gari ba mu gane nauyin maganar ba sai da ya warware mana. Baushe ɗan kokowa ne na ƙauyensu, wanda ya yi shekaru bayansa bai taɓa ƙasa ba. Kamar kowane gwarzo yana da takensa, kiɗan da ake yi masa shi kaɗai, wanda in ganga ta faɗe shi duk yankin ya san wa ake kira. Ranar da aka fara kayar da shi, ya tashi ya kakkaɓe jikinsa, ya kwance layunsa a tsakiyar fili, ya ce wa uban Illa ya rufe taken, kada ya sake jin sa. Ya ce ranar da ya yi kwanciyar da ba tashi, a hau tudu a buga shi sau uku, mutanensa su baro gona su zo su ɗauke shi. Malamai ba su so maganar ba, amma sun yi shiru. Tun ranar ba a sake bugawa ba, har yaran da aka haifa a shekarar suka yi aure. Duk wanda ya girma a ƙauyukan nan ya san in ya ji wannan kiɗan, abu ɗaya yake nufi.

Illa ya ce, "Hannun Baba ya fara rawa, yana tsoron ranar ta zo ba ya iyawa. A can ba ni da inda zan gwada, ko daji na shiga wani zai ji. Nan ba wanda ya san shi. Sau ɗaya zan yi, ya zauna mini a hannu."

Na miƙa yatsa kan manyeto. Na san kowane maɓalli nasa, na san wanda ke ƙara ba ya tsayar da komi. Shi na danna. Na ce, "Na kashe."

Ya buga. Bugu uku masu nauyi, sai ya tsaya, tsayawar da har ka fara tsammanin ya manta, sannan gangar ta ɓarke da gudu ta koma ta sake faɗin ukun nan. Matan gidan baya suka daina daka. Ni kuwa tun kafin Illa ya sauke hannu na riga na ji inda gita za ta shiga. Da ya gama ya share goshi ya ce, "Shi ke nan. Ba ku ji komi ba." Muka ce ba mu ji ba.

Na yi kwanaki ina ce wa kaina zan goge. Daga baya na ce zan gwada ne kawai, ni kaɗai, in ji yadda zai yi. Na bar gangar ta yi tafiyarta ita kaɗai a farko, don ban ga abin da zan ƙara mata ba, sai can gaba na shigo da gita biyu. Ban taɓa yin abin da ya kai shi kyau ba, kafin nan ko bayan nan. Mai abu mai kyau kuwa yana son kunne. Na kai wa wani mai sayar da kaset a kasuwa, na ce ya saurara ya dawo mini da shi. Ya dawo da shi bayan kwana biyu yana ta yabo. Ban tambaye shi ko ya kwafa ba, don na san amsar, kuma ita nake so. Na ce a raina Guci da nisa.

Ranar kasuwar Guci nakan hau motar kasuwa da akwatin gyara, in shimfiɗa tabarma a layin masu radiyo. Wata ranar kasuwa da hantsi ina kwance wata radiyo, mai ita wani dattijo yana tsugune gabana, sai mai kaset na rumfa ta uku ya saki lasifikarsa da ke ɗaure a kan sanda. Bugu uku masu nauyi suka fito. Na gane kaset ɗina ne. Ban taɓa ganin kasuwa ta mutu ba sai ranar, kuma ba gaba ɗaya ta mutu ba, layi-layi ta yi, daga masu hatsi zuwa mahauta, har can kara wajen dabbobi. Dattijon da ke gabana ya miƙe ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baushe ya tafi." Wata mata mai ƙuli-ƙuli ta tashi, farantin ya zame daga cinyarta, ta yanki hanya da gudu ba takalmi. Wani ya ce ɗiyarsa ce. Maza suka fara naɗe tabarmi, wasu sun riga sun kama hanyar gabas. Ina so in tashi in ce a kashe, ban tashi ba. Na zauna ina sauraron gangar tana tafiya, ina sane da daidai inda gitata za ta shigo.

Ta shigo. Waɗanda suka rage suka tsaya suna duban juna, sannan suka fara neman inda sautin ke fitowa. Uban Illa yana kasuwar, a gaban mai goro, hannunsa ba komi. Idanu suka koma kansa. Ya tako a hankali har ƙarƙashin lasifikar, ya karkata kai ya saurara, mai kaset yana neman maɓalli. Da abin ya mutu tsohon ya ce, "Wannan hannun gidana ne, amma ba nawa ba ne." Illa ma yana gida a kwanakin, ya shigo kasuwa sayen ƙusa. Mutane suka buɗa masa hanya.

"Illa."

"Na'am, Baba."

"Kai ne?"

"Ni ne."

Illa ya gan ni, na tabbata ya gan ni, don tabarmata na nan kusa. Bai dube ni sau biyu ba. Uban ya ce, "Mu je ka faɗa wa Baushe da bakinka. Daga can ka ajiye mini gangata." Duk wanda ke wurin ya san abin da hakan ke nufi. Ɗan makaɗin da uba ya karɓe wa ganga a gaban jama'a ya fita daga gado, ba ɗan kokowar da zai yarda ya tsaya bayansa, ba manomin da zai kira shi gayya.

Na bar akwatina a wurin maƙwabci na bi su. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, cikin rairayi, amma ban taɓa yin mai tsawonta ba. Gabanmu akwai waɗanda suka bar kasuwa tun kafin gita ta shigo, ba su san komi ba. Wasu sun biya gida sun ɗauko magirbi da gatari na haƙar kabari. Bayanmu akwai waɗanda suka sani, su kuma ba ta'aziyya ta kawo su ba. Ina shirya kalmomi a baki ina haɗiyewa. Na yi tunanin in ratse in koma mota, ba wanda zai tare ni, tunda Illa bai ambaci sunana ba. Sau biyu na rage tafiya. Abin da ya hana ni juyawa ba jarumta ba ce, samarin da ke bayana ne.

Muka tarar da jama'a sun cika ƙofar gidan Baushe har bakin rijiya. Baushe yana zaune a gindin gawo yana tufkar igiya. Jiki ya zube, amma wuyan na nan. Ɗiyarsa na ƙasa riƙe da ƙafarsa tana haki, kuka ya ƙi fita ya ƙi komawa. Ya dubi masu magirbi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dubi uban Illa.

"Sarkin kiɗa, ka gaji da jirana ne?"

"Ba ni ba ne, maigida. Amma daga gidana ya fito. Ga shi."

Illa ya durƙusa ya ce, "Ni na buga, Baba. A Magarya na gwada, don kada in manta."

"Magarya da nisa. Ya aka yi ya zo kasuwar Guci?"

Illa ya yi shiru. Yatsa ɗaya zai ɗaga ya nuna ni ya fita, bai ɗaga ba. Na bar shi cikin shirun nan fiye da yadda ya kamata, wannan ma ina ɗauke da shi. Sai da na ga ubansa ya miƙa hannu wajen igiyar gangar da wani ya kawo daga gida, sannan na matso na zube.

"Baba, ni ne. Ya ce in kashe na'ura, na ce na kashe, ban kashe ba. Ni na sa shi a kaset."

Gunaguni ya tashi a bayana, na ji wani ya matso har numfashinsa na taɓa mini ƙeya. Baushe ya ɗaga hannu, aka tsaya.

"Abin nan mai maimaita magana?"

"Shi, Baba."

"Guda nawa ne?"

"Ɗaya na bayar."

"Ban tambaye ka nawa ka bayar ba."

"Ban sani ba, Baba."

Ya ci gaba da murza igiyarsa a cinya kamar ya manta da mu. Uban Illa ya ce shi dai zai karɓe gangar, don wanda ya fitar da amana daga gida ko da gwaji ne bai cancanci riƙe ta ba. Baushe ya ce, "In ka karɓe, wa zai buga mini? Hannunka ya tafi, ina gani. Bar masa." Ya dubi jama'a ya ce, "Yau dai ya kira, kun zo. Na gode. Ku koma kasuwarku." Sannan ya juyo gare ni, ba fushi a fuskarsa, kuma da ya yi fushin da ya fi mini sauƙi. "Kai mai na'ura, kira ɗaya ya rage mini a duniya, ka raba wa mutane. Je ka tattaro. In ka tattaro, to. In ba ka tattaro ba, ni ba zan sani ba. Shi zai sani." Ya nuna Illa da haɓa.

Ranin nan gaba ɗaya a hanya na yi shi. Bande, Sassumbrum, Dungas, kasuwannin da ke tsallaken iyaka, duk inda aka ce an ji. In ba mutum sabon kaset in karɓi nawa, in ya ƙi in roƙe shi, in ya ƙi in yi masa gyaran radiyo kyauta. Na cika buhu na ƙona a bayan gari. Amma kowane ɗaya na karɓa ya riga ya haihu. Na ji shi a motar haya, na ji shi a wurin mai shayi. A wani biki na ga ƴan mata sun ƙirƙira masa rawar kafaɗa, in ganga ta kai wurin tsayawar nan sai su tafa. Abin da na roƙa na samu, kiɗana ya wuce na Lawali, ga shi ba ni da bakin cewa nawa ne. A Guci kanta aka ba ni labari: da aka sake sa shi karo na biyu wasu dattawa sun miƙe, karo na uku tsaki kawai suka yi, daga nan ba mai waiwayawa.

Ƴan Rumfa ba su mutu a lokacin ba, ja suka yi ta yi. Mushe ya yi mini faɗa sau ɗaya, bai ƙara ba. Illa ya ci gaba da zuwa, yana gaishe ni, yana bugawa yadda ya saba. Sai dai in ya shigo yakan buɗe manyeto da hannunsa, ya zare kaset ya sa a aljihu, sai mun tashi ya ajiye mini a kan benci. Tunda ba a ɗauka, waƙoƙi suka riƙa faɗowa suna ɓacewa. Lawali ya ƙara ba da ƙarfi wajen matansa masu ƙwarya, inda ake dariya. Aka canza wa Mushe wurin aiki. Uban Illa ya rasu, Illa ya koma ƙauye ya riƙe gidan. Wata damina iska ta kayar da rumfar, ba wanda ya ce a tayar.

Bayan wasu damina, a tsakiyar noman farko, direban motar kasuwa ya kawo mini saƙon Illa: Baushe na jin jiki, in ina son zuwa. Na rufe shago na tafi. Na yi kwana biyu a zauren Illa, yana ba ni abinci, muna hirar ruwa da hatsi. A na uku da hantsi kuka ya tashi daga gidan gindin gawo. Illa ya shiga ɗaki ya fito da ganga, ya kama hanyar tudu. Bai ce in zo ba, bai ce kada in zo ba, na bi shi.

Daga kan tudun ana hangen gonakin ƙauyuka huɗu ko biyar. Ruwa ya sauka shekaranjiya, kowa na gona, maza da hauya, mata na kai fura. Illa ya gyara igiya a kafaɗa, ya yi bisimilla, ya buga. Ya fi na rumfa ƙarfi nesa ba kusa ba, na ji shi a ƙirji. Na zuba ido a gonar da ta fi kusa. Wani mutum ya ɗago kai, ya saurara, ya koma kan hauyarsa. Illa ya buga na biyu. A wata gonar wani saurayi ya saki hauya, sai na ga yana kaɗa kafaɗa, da ganga ta kai wurin tsayawa ya tafa, abokansa na dariya. Illa ya buga na uku. Can nesa wasu tsofaffi biyu suka tsaya suna duban tudu, hannu a goshi, suka daɗe, sannan ɗaya ya kama hanya, ɗayan ya ci gaba da noma. Sau uku aka ce masa. Ya yi na huɗu, ya yi na biyar, gumi na zuba daga haɓarsa a kan fatar gangar. Ina tsaye a bayansa ina roƙon Allah a zuci ya tayar da ko da gona ɗaya, ban san ko irina ana karɓar roƙonsa a wannan ba. A na shida hannunsa ya tsaya a tsakiya. Ya sauke ganga ya ce, "Mu je, rana na yi."

Aka aika mutum da doki ya zaga, amma gawa ba ta jira a zafin damina, kuma liman ya ce ba za a wuce azahar ba. Muka yi masa salla a ƙofar gida, sahu ɗaya bai cika ba. Mutumin da ake baro kasuwa don a ga ya shiga fili, da ƙyar aka sami masu canjin kafaɗa har maƙabarta, ni ma sai da na ɗauka.

Bayan la'asar suka fara zuwa, ƙauye-ƙauye, da ƙasar gona a ƙafa. Kowa ya tsuguna ya yi addu'a, sai ya juya wajen Illa ya faɗi magana ɗaya: "Wallahi mun ji, mun ɗauka kaset ne." Illa na amsawa, "Ba komi, Allah ya ba da lada." Ya faɗe ta har muryarsa ta dushe. Ina gefe a kan tabarma, ba wanda ya gane ni, ko sun gane sun kyale.

Da mutane suka ragu na matsa kusa da shi. Na ce, "Illa, ka yafe mini."

Ya dube ni sosai, karo na farko tun ranar kasuwar nan. Ya ce, "Ni na yafe tun tuni, aboki. Wanda za ka roƙa mun rufe shi ɗazu, mu goma sha ɗaya."

Wasu baƙi suka iso daga yamma, ya tashi ya tarye su.